Kwali a Ƙarƙashin Babur

A gidan nan babu murfin kwalbar da ke buɗuwa da hannu ɗaya. Famfon tsakar gida ma sau uku ana canza masa kai, duk saboda maigidan, wanda abokan aikinsa suka laƙaba wa Matsau. A wurinsa, abin da ba a ɗaure tamau ba, ba a ɗaure shi ba ke nan. Shekara goma sha tara yana ɗaukar kwalaben jini a kan babur ɗinsa daga ƙananan asibitoci zuwa ɗakin gwaji, ko ɗaya ba ta taɓa zubewa ba. Da wannan yake tinƙaho, shi ya sa kuma ba ya jin magana.

Sai aka kawo musu sabon manaja a wurin aiki, mai son tsafta kamar ya lashe ƙasa. Ya ce ranar Litinin da ƙarfe takwas za a shimfiɗa kwali a ƙarƙashin kowane babur na minti goma, wanda ya ɗigar da mai a ajiye shi, har da mai shi. Matsau ne mafi tsufa a cikin masu baburan, ya kuma san idan aka ajiye shi ba mai sake kiransa. Don haka ranar Lahadi ya juye wa babur sabon baƙin mai da hannunsa.

Litinin da ƙarfe shida da rabi ya tarar da tabon mai a kan siminti, faɗin tafin hannu. Ya durƙusa ya leƙa, amma cikin injin duk ya jiƙe, ba a gane inda man ke fitowa. Ya wanke shi da kananzir, ya goge tas, ya ɗaga murya.

"Maman yara, kawo mini hodarki!"

Matarsa tela ce. Ta fito da zare rataye a wuya, ta miƙa masa gwangwanin. "Yau kuma babur ne zai yi kwalliya?"

Bai ko yi murmushi ba. Ya barbaɗe ƙasan injin da hoda har ya yi fari, ya tayar da shi, suka zuba ido. Fakin da ke hana mai yoyo ta gefen inji bai jiƙe ba, wajen giya ma haka. Can sai wani siririn layi baƙi ya ɓullo daga notin da ake juye mai. Ya kwance shi, ya tari man a kwano mai tsafta. Washar da ke jikin notin, ɗan zoben da ke hana mai fita, ta baje, ta tsage gida biyu. Hannunsa ne ya yi wannan aikin jiya.

Ƙarfe bakwai da kwata ta yi. Ya zazzage gwangwanin tarkacensa, Allah ya taimake shi ya sami sabuwar washa guda ɗaya tak. Da ya zo mayar da notin sai ya ji yana shiga da wani irin laushi. Haƙoran ramin sun fara cinyewa. Idan suka ƙarasa, sai an sauke inji an kai wa masu gyara, aikin kwana biyu.

Ya ɗora sifana ya juya har noti ya zauna. Ya san ya isa, amma kafaɗarsa ta riga ta sunkuya za ta ƙara, don hali zanen dutse ne.

"Malam, tsaya!" in ji matar. "Garin gyaran gira za ka rasa ido."

"In ban ƙara ba zai ɗiga."

"Jiya ai ka ƙara. Me ya hana shi ɗiga?"

Ya kalli hannunsa. Tsoro ne ya kama shi sosai, don ya gane ba zai iya hana wannan hannu ba. Tunda ya sayi babur ɗin, ko bakanike bai taɓa barin ya sa masa sifana ba. Ya sassauta notin, ya miƙa mata sifanar ba tare da ya dube ta ba.

Ta tattara zaninta ta durƙusa. Ta kama sifanar da yatsu uku, yadda take ɗaure allurar kekenta, ta juya a hankali, ta ɗan ƙara kaɗan, ta cire hannu.

"Shi ke nan?" ya tambaya.

"Shi ke nan. Kuma wallahi in ka taɓa shi, ni da kai ne."

Ya mayar da man, ya goge hodar, ya fita takwas saura kwata. A hanya sau biyu yana rage gudu, sifanar na zungurinsa a aljihu, sau biyu yana cije leɓe ya wuce.

A harabar ofis aka tura kwali a ƙarƙashin babur ɗinsa. Manaja na kallon agogo, shi kuwa ya kasa kallon ƙasa, sai salati yake a zuci. Aka janye baburan mutum biyu a gefensa, don sun ɗigar da mai. Da aka zaro nasa kwalin, ya karɓa ya juya shi gaba da baya, sannan ya roƙi a bar masa.

Da yamma ya shigo, ya ajiye kwalin a kan teburin ɗinkinta, fes, babu ko ɗigo. Ya ɗora sifanar a kai.

"Ki ajiye ta a wurinki," ya ce. "In na nema, ki tambaye ni me zan yi da ita."