Kawu da Bakin Buroshi

Kawuna mai zanen bango ne. Duk tsuntsun da ka gani a katangar makarantar unguwarmu ko ta asibiti daga hannunsa ya fito. Mutum ne mai tafiya a hankali, ido a sama, sai ka gaishe shi sau biyu kafin hankalinsa ya sauko ƙasa ya amsa.

Tun yana saurayi yake da wata ɗabi'a. In zai ja layi siriri, gashin fiffike ko ƙwayar ido, sai ya sa bakin buroshi tsakanin leɓɓansa, ya murza shi ya yi tsini. Matarsa takan ce ba sai ta tambaye shi aikin da ya yi ba. In ya dawo da baki shuɗi, to sararin sama ya wuni yana yi.

Bara hannunsa ya fara rawa. Ya ɓoye mana, amma tsuntsayen suka tona masa asiri, fiffikensu ya fara fitowa a karkace. Tsoro ya kama ni, domin in aka raba Kawu da zane ban san abin da zai rage ba.

Da aka kira masu zane da masu rini da masu sassaƙa bita a kan kiyaye lafiya wurin aiki, ni na matsa masa ya je, na kuma raka shi. An yi bayanin tsani da takunkumi da safar hannu, shi kuwa yana kallon taga. Sai da aka ce kowa ya nuna yadda yake aiki ya farfaɗo. Ya ɗauki buroshi, ya kai baki.

Ma'aikaciyar lafiyar da ke koyarwa ta matso kusa da shi.

"Baba, shekara nawa kana yin haka?"

"Tun ba a haife ki ba, 'yata. Ai yatsa ba ya ba shi tsini kamar leɓe."

Ta zauna gefensa, ta gaya masa a hankali cewa wasu fenti suna da gubar dalma, in ana kai su baki tana taruwa a jiki kaɗan-kaɗan har ta taɓa hannu. Aka ɗebi jininsa. Sakamako ya fito yadda ta yi zato, likita ya ce ya ajiye fenti tukuna. Ko hannun zai dawo, babu wanda ya yi masa alkawari.

Yanzu kullum da hantsi yana zama a tsakar gida da sabon buroshi da kofin ruwa, yana zane da ruwan a kan siminti. Kafin ya gama jelar tsuntsu, rana ta shanye kan.

Jiya na tsaya a bayansa na daɗe ina kallo.

"Kawu, ba ka jin haushi suna ɓacewa?"

Bai ɗago ba.

"Gara haka," ya ce. "In layin ya karkace, ni kaɗai na gani."