Ranar da Yaya ya kashe sabon inji

Wata Laraba ce a cikin kaka, gab da la'asar, a masana'antar casar shinkafa da ke bakin hanyar Bici, kusa da ƙauyenmu. Akwai Alhaji mai wurin, da injiniyar da ta zo daga Kano ta haɗa sabon inji, da ma'aikata, da yayana. Ni na je ne da rakoda, ina haɗa shirin noma na gidan rediyon da nake aiki.

Yaya ya fi kowa daɗewa a wurin. Tun ina firamare yake kan tsohon inji mai shan dizal. Da aka raba gonarmu ta gado kowa 'yan kunyoyi ya samu, saboda haka da aikin injin yake riƙe gidansa.

Sabon injin daban yake. Shinkafa ta shiga mazurari, ta hau bututu, a cire tsakuwa, a cashe, sannan ta wuce gaban wata kyamara. Ƙwayar da ke da tabo iska ta fyaɗe ta gefe. Duk umarnin yana kan wani allo irin na waya. Alhaji ya riga ya faɗa a fili cewa wanda ya kasa aiki da allon zai koma ɗaukar buhu. Yaya ya haura hamsin, bayansa ba zai iya buhu ba.

Injiniyar tana waje tana amsa waya sai aka fara kiran sallah. Al'adar wurin ita ce ba a barin inji yana ruri ladan yana kira, kuma babba ne ke kashewa. Yaya ya nufi bango ya ja babban makunni ƙasa, kamar yadda ya saba. Rakodata a kunne take, har yanzu ina da sautin: rurin ya yanke, sai ƙarar shinkafa tana zubowa baya a cikin bututai kamar ruwa a kan kwano.

Bayan sallah inji ya ƙi tashi. Bututai sun toshe, kyamarar kuma ta manta saitin da aka yini ana yi mata. Da hannu aka yi ta kwashe shinkafa har magariba. Ma'aikata suna kwasa suna tsokanarsa, wani ya ce gobe a ɗaure masa hannu kafin ladan ya yi gyaran murya. Alhaji bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, ka ga abin da nake gudu ko?"

Injiniyar ta ce ita ma da nata laifin, don a masana'antun da ta saba ba a tsayar da inji, bi da bi ake sallah, shi ya sa ba ta yi gargaɗi ba. Alhaji ya ce to a koma hakan. Hakan bai karɓu wurin ma'aikata ba. Mutanen nan a ƙarƙashin darbejiya ɗaya suke jam'i tun kafin a yi wa wurin katanga.

Sai ta juya ga Yaya. "Baba, ba hana ka kashewa zan yi ba. Shi wannan lallaɓa shi ake yi."

"'Yata, in dai lallami ne, na yi wa jaki ma," in ji shi.

Alhaji ya yanke cewa kafin ta koma Kano, Yaya ya tsayar da injin shi kaɗai. In ya iya, allon nasa ne.

Ta nuna masa. A fara rufe mazurari, a bar abin da ke ciki ya fice, a jira korayen layukan allo su sauka ɗaya bayan ɗaya, sannan a danna wurin kashewa. Hakan yana cin lokaci, don haka dole a fara tun kafin kira. Yaya ya ce zai riƙa duba inuwar katanga a kan daɓen shanya. Ita kuma ta sa allon ya riƙa ɗan kuka in lokacin ya yi. Ya karɓi duka biyun. Wata matsalar ita ce allon ba ya jin babban yatsansa saboda kantar da aiki ya yi masa. Suka gwada sauran, sai ƙaramin ya yi. Da yamma a ƙofar gida yakan karɓi wayata ya yi ta buɗe hotuna yana rufewa da ƙaramin yatsa, matarsa tana tambaya ko amarya yake nema a ciki.

Ranar da injiniyar za ta tafi na koma. Inuwa ta taɓa daɓe, Yaya ya rufe mazurari. Rurin ya riƙa sauka a hankali. Ya tsaya da hannu a baya har layin ƙarshe ya sauka, sannan ya danna. Shiru bai daɗe ba ladan ya fara. Alhaji ya ƙwanƙwasa bututu, ya ji babu komai a ciki, ya ce, "To, a yi alwala."

Yaya yana kan allon har yau. Matan gidajen da ke bayan masana'antar kuma, da sun ji rurin inji ya fara sauka, sun san la'asar ta gabato, sai su fara kwashe shanyarsu.