Mai Sunan Baba Ya Ƙi Cin Abinci

Duk wanda ya zauna a unguwar Kurayyat ta Jidda ya san Hajiya Zaituna. Ko bai san sunanta ba, ya san tafiyarta: doguwar mace cikin baƙar abaya, leda a hannu, kyanwoyi biye da ita kamar 'yan rakiyar amarya.

Umra ce ta kawo ta Jidda tana da ƙuruciyarta, ita da mijinta Malam Sadiƙ. Aka gama ɗawafi, abokan tafiya suka hau jirgi, su kuwa suka ce bari su ɗan huta tukuna. Hutun ke nan har yau. Shi ya kama dako a tashar jiragen ruwa har Allah ya karɓi abinsa. Ita kuma ta yi wanke-wanke a gidajen Larabawa, ta soya ƙosai, ta yi wa amare lalle. Bayan rasuwar Malam ne ɗaki ya yi mata faɗi, wata ramammiyar kyanwa ta fara leƙo ta, daga nan kuma Zaituna ta gano tana jin maganar dabbobi.

"Ba da kunne nake ji ba," in ji ta. "A ƙirji yake sauka."

Abin da ya ɗaure wa maƙwabta kai shi ne, duk kyanwar da ta yi mata magana da Hausa take yi, Hausar ma ta Haɗejiya, garin su Zaituna. Wata 'yar maƙwabta da aka haifa a Jidda ta taɓa tsokanarta, tana kiran inna da kyanwa da sunayensu na Larabci: "Ya Khala, bissar Jidda a ina ta koyi Hausa?"

"Inda kika koya. Ke ma ai kina ji, mayarwa ce take ba ki wuya."

Kuma ikon Allah, ra'ayin kyanwoyin bai taɓa saɓa wa nata ba. In mai kifin bakin titi ya yi rowa, su suka fara faɗa. In sanyin na'ura ya yi yawa, su ne gwiwoyinsu ke ciwo.

Wannan suna da ta yi ne ya kai ta gidan Ghada, wata Balarabiya tsohuwar malamar makaranta, wadda ta mai da gidan iyayenta na unguwar Ammariyya mafakar kyanwoyin da aka yasar ko mota ta buge. Ghada ba ta yarda da zancen ƙirji ba ko kaɗan. Amma ta lura kyanwar da ke yaƙushin kowa tana lafewa a cinyar Zaituna, sai ta ɗauke ta aikin shara da rabon abinci, ta bar ta da fassararta.

Ana nan sai wata rana Rafi'u, wani ɗan dako, ya shigo da kwali a rungume. Ciki wani tsohon muzuru ne, kunne ɗaya a yage, gashin baki fari fat, ƙafar baya a karye. Kaya ne suka faɗo masa a ɗakin ajiya.

"Namu ne na tasha," in ji Rafi'u. "Tun kafin in zo yake can. Ya'u muke ce masa."

Zaituna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ya'u sunan mahaifin Malam ne, surukinta. Tun da aka kai ta gidan miji sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba, ba kuma a kan muzuru za ta fara ba. Nan take ta raɗa masa Mai Sunan Baba. Da safe in ta iso, sai ta durƙusa gaban kejinsa ta gaishe shi kafin ta taɓa tsintsiya.

Dokta Nuraddeen ne ya ɗaure ƙafar. Likitan dabbobi ne, jikan Hausawan Sudan, Hausarsa na fitowa a jiƙe da Larabci. Ya ce a sa muzurun a ɗakin ƙurya, a rage haske, a ƙyale shi shi kaɗai. Zaituna ta gyaɗa kai, ta kuma ji daɗin umarnin, don a fahimtarta sauran mutane ake nufi. Wace irin suruka ce za ta bar dattijo kwance ba mai jinya? Ta shimfiɗa tabarma dab da kejin, ta ɗauki mafici, ta kafa masa ido tana sauraro.

Muzuru ya ƙi cin abinci. Zaituna ta lumshe ido, ta ce ya ce kifi yake so. Aka kawo kifi, ya juya baya. Ta sake sauraro, ta ce a'a, kaza yake nufi, ita ce ba ta ji da kyau ba. Aka dafa kaza, ta tura masa har bakin hanci tana lallashi, ya cusa kai a kusurwa. Ƙashin bayansa ya fara fitowa.

Da Dokta ya dawo ya shafa cikinsa, fuskarsa ta canja.

"Khala, kyanwa in ta daɗe ba ta ci ba, hantarta ce ke lalacewa. In bai ci yau ba, halas, sai in tafi da shi asibiti in sa masa roba ta wuya. A shekarunsa kuwa, ban yi miki alkawarin zai dawo ba." Ya dubi tabarmar, ya dubi maficin. "Wa yake zama a nan?"

"Ni mana."

"Tun yaushe?"

"Tun da ka ce a ƙyale shi. Ba wanda na bari ya shigo."

Ghada da ke bakin ƙofa ta toshe dariya da gefen gyale.

"Tayyib," in ji Dokta a hankali. "Ki sake tambayarsa."

Zaituna ta lumshe ido. Shiru. Ta ƙara matse idon, ta dafe ƙirji, babu abin da ya sauka, sai bugun zuciyarta. Abin bai taɓa faruwa da ita ba, tsoro ya kama ta. A cikin shirun nan sai ga zauren gidansu na Haɗejiya ya faɗo mata a rai, tana amarya, ɗauke da akushin tuwo. Takan durƙusa ta ajiye gaban Baba, ta ce ga abinci, ta fice ba waiwaye. Duk zaman da suka yi, ba ta taɓa ganin loma ta shiga bakinsa ba.

Ta buɗe ido ta riƙe haɓa.

"Kunya yake ji. Yau ni Zaituna na zauna na zuba wa surukina ido wai ya ci abinci a gabana."

"Shi ya faɗa?" in ji Dokta.

"Ina zai faɗa? Dattijo ne. Shirun da ya yi ai ya isa."

Ta zuba sabuwar kaza a kwano mai tsabta, ta durƙusa ta tura cikin kejin. "Ga abinci, Baba." Ta cire mayafinta na sama ta lulluɓe kejin ruf, ta naɗe tabarmarta, ta kora Ghada da Dokta waje tana cewa yalla, yalla, ta jawo ƙofa.

Suka tsaya a tsakar gida cikin zafin Jidda mai danƙo. Zaituna ta juya wa ƙofar baya, leɓɓanta na motsi da addu'a. Can sai suka ji kwano ya ɗan gogi ƙarfen keji. Sai kuma ƙarar lasa, a hankali da farko, daga baya ba ƙaƙƙautawa.

Dokta ya taka zai leƙa, ta cafke hannun rigarsa.

"Ina za ka? Kai ma ɗa ne a wurinsa. Bari ya wanke hannu tukuna."

Ghada ce ta shiga daga baya, ta fito da kwanon a ɗage sama, an lashe shi tas. Dokta ya mai da kwalin da ya zo da shi don kai muzurun asibiti cikin mota babu kowa a ciki.