Waƙafi Ɗaya a Fom Ɗin Manoma

Shekarar da ƙungiyar manoman shinkafa ta garinmu Gummi ta shirya rabon iri, kawuna ne shugabanta, ni kuma na gama karatun kwamfuta ina zaune a gida. Ya ce in gina musu fom a intanet, a riƙa rubuta manoma da waya maimakon takarda. Gurbi huɗu ne kacal: suna, girman gona, lambar waya da ƙauye. Cikin kwana biyu na gama. Na gwada da sunana, ya karɓa, na tura wa masu rajista har Bukkuyum da Anka. Ban tsaya na ƙirga guraben ba.

Sati uku ana shigar da mutane. Ranar da za a tsara hanyar motar iri, kawu ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Fiddo mini su ƙauye-ƙauye."

Na buɗe jerin, babu ƙauye ko ɗaya. Sunaye ne zube, da yawa iri ɗaya, lambar waya kuwa wasu ta mai shagon caji suka bayar.

Na wuni ina bin rubutun manhajar layi-layi, raina na ƙuna, don na'urar ba ta taɓa nuna an yi kuskure ba, ko jan rubutu guda babu. Sai bayan la'asar na gan shi: waƙafi ne a ƙarshen layin gurbin ƙauye. Saboda shi na'urar ta ɗauki layin a matsayin jerin kaya, ba gurbin fom ba, ta ture shi gefe ta yi shiru.

Na kira matar da ke rajista a Bukkuyum. "Malama, ba ki lura babu wurin ƙauye ba?"

"Na lura mana. Na zaci haka kuka so shi."

Kawu ya leƙa allon, na nuna masa. Ya ce, "Wanga ɗan ɗigon? Shi ya cinye ƙauyukka duka?" Na ce shi ne. Na goge, gurbin ya fito nan take, amma manoman da aka riga aka rubuta suna nan babu ƙauye.

Kwana shida muka yi a kan babur ni da shi, muna bin kasuwanni da ƙofofin masu unguwanni muna tambayar wane ne a ina. Ruwa ya riga ya sauka kafin iri ya isa wasu fadamun. Kawu bai yi mini faɗa ba. A duk garin da muka tsaya dai sai ya nuna ni ya ce, "Ga mai kwamfutar," ya nemi inuwa ya zauna, ya bar ni da bayani.