Bikab Ɗin Ɗan Goggona

A shekarun da nake tuƙa motar haya tsakanin Anbariyya da Ƙuba, ni kaɗai ne a cikin abokaina nake da garmaho mai aiki da lantarki, wanda mu a Madina muke ce wa bikab. Wurin wani Basudane da zai koma gida na saye shi. Tsoho ne, murfinsa ya tsage ta gefe ɗaya, amma yana juyawa. Fayafayan kuwa alhazan Kano da na Maraɗi ne suke zo mana da su a ƙasan akwati, a naɗe cikin zannuwa. Duk ranar Alhamis bayan la'asar mu biyar ko shida muke taruwa a ɗakina na bene, mu rufe taga don ba kowa ne a unguwar yake son jin kiɗa ba, mu zauna da shayi. Mu da aka haifa a nan, Hausarmu ta cakuɗe da Larabci, a bakin mawaƙan nan muke jin ta ba gauraye.

Aibin bikab ɗina ɗaya ne, ƙugi. Da na kunna shi, tun allura ba ta sauka ba, lasifika za ta kama wani zuuu mai kauri, ya bi waƙar har ƙarshe. Mun saba da shi, ba mai magana.

Sai ɗan goggona ya dawo daga Jidda. Sa'ana ne, kuma taubashina, tare aka yi mana kaciya. Shekara uku ya yi yana aiki a tashar jiragen ruwa, ya dawo da mata, ya kama gida a Ƙuba kusa da gonakin dabino. Ranar da muka je yi masa barka da dawowa ya yaye wani farin ƙyalle a kan tebur, sai ga bikab baƙi wuluk, yana ƙyalli. Ya ɗora faifai na wani mai kukuma, irin wanda nake da shi, wanda na ji ya fi sau ɗari. Kafin waƙar ta fara ɗakin ya yi tsit. Da ta fara, har jan numfashin mawaƙin na ji, abin da ban taɓa sanin yana cikin faifan ba.

Ɗaya daga cikin abokanmu ya juyo ya ce mini, "Ashe haka waƙar take?"

Na yi dariya tare da su, amma shayin bai ƙara yi mini daɗi ba.

Alhamis ta gaba mutum uku suka zo wurina. Ta gaba da ita, mutum ɗaya, shi ma bai gama zama ba ya ce ko za mu leƙa Ƙuba. Ni na kai shi a motata.

Na lura ɗan goggona yana yawan taɓa wani ɗan abu a ƙarshen hannun bikab ɗinsa, inda allura take, yana cewa duk sirrin yana nan. Ban tambaye shi ba, don na gwammace in mutu da in tambaye shi. Na samu ranar da na kai fasinja Jidda, na shiga wani kanti na ce a ba ni kan allura. Mai kantin ya ce iri biyu ne, akwai gama-gari irin wanda bikab ɗina ya zo da shi, akwai mai maganaɗisu, wanda ya fi fitar da sauti. Ya tambaye ni wane irin inji gare ni. Na ce shi dai ya ba ni wanda ya fi kowanne kyau. A hanyar komawa Madina, tun daga Jidda har Badr ina taɓa aljihuna ina murmushi.

Na ɗaura shi da kaina. Muryar ta fito tas, ba shakka, amma ƙugin ya ninka. Abin da ya fi ba ni haushi, duk lokacin da allura ta matso tsakiyar faifan sai ya ƙaru, har ya danne ganga. Kwana uku ina kwancewa ina ɗaurawa.

Abin da na yi bayan nan ban taɓa faɗa wa kowa ba. Wata Alhamis na riga kowa zuwa gidan ɗan goggona, ya shiga ciki karɓo shayi. Na leƙa bayan bikab ɗin, na ga wata siririyar waya da ta fito daga jikinsa aka ɗaure ta a wani kusa na akwatin ƙara sauti. Nawa ba shi da ita. Na sa farce na sassauta kusan, wayar ta zame. Na koma na zauna.

Da mutane suka cika ya kunna. Zuuu. Wallahi sanyin da na ji a raina a lokacin ina jin kunyarsa har yau. Na ce, "A'a, ɗan goggo, naka ma ya kamu da murar?"

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya zagaya baya, ya duƙa, bai fi ƙiftawar ido ba ƙugin ya ɗauke. Ya miƙe ya dube ni, kallo ɗaya, sannan ya ce, "Basiɗa, ƙaramin abu ne, wayar ƙasa ce ta kwance," ya ci gaba da zuba shayi.

Washegari bayan an sauko daga masallacin Juma'a sai ga shi a gidanmu da ƙaramar jaka. Ya gaida mahaifiyata, ya hau bene ba tare da ya jira na ce bismillah ba.

"Kunna in ji, ɗan kawu."

Na ce lafiyarsa ƙalau. Ya kunna da kansa. Ya ɗaga hannun allurar, ya kai shi gefe, ya kawo shi tsakiya, ƙugin yana raguwa yana ƙaruwa.

"Shuf, duba nan. Wannan kan da ka sayo mai kyau ne, amma ba shi da kariya, maganaɗisun injin da ke juya faranti yake zuƙa. Injin naka kuma nan ƙarƙashi yake. Ba a zaɓar kai don tsadarsa, sai an duba injin da zai zauna da shi."

Ya sauke bikab ɗin daga kan akwatin ƙara sauti inda na ɗora shi, ya mai da shi can gefe. Ya buɗe cikinsa ya nuna mini robobi uku da injin yake zaune a kansu, zafin Madina ya busar da su sun zama kamar dutse. Ya sa sababbi. Ya ɗaura siririyar waya daga ƙarfen bikab ɗin zuwa akwatin. A ƙarshe ya cire kan da na sayo, ya fito da wani daga jakarsa.

"Wannan na ajiya ne. Ba ni naka, a nawa zai zauna lafiya."

Ya ɗora faifai. Ɗakin ya yi tsit, sannan kukuma ta shigo. Ya kamata in yi murna. Abin da na ji shi ne, yanzu ko daɗin da bikab ɗina zai yi, nasa ne. Na ce Allah ya saka, a taƙaice. Maganar waya bai tayar ba, ni ma ban tayar ba. Yana sauka mahaifiyata ta sa masa albarka har sau uku, ina ji daga sama.

Na sanar da kowa cewa nawa ya gyaru. Sun zo Alhamis ɗaya, sun yaba, suka koma Ƙuba. Can akwai iska daga gonaki, matarsa tana aiko da sambusa da zafinta, shi kuma mutum ne da ake son zama da shi, ba ya hana kowa taɓa faifai, ni kuwa ina hanawa. Na daɗe kafin in yarda da wannan.

Da kaset ya cika gari, aka mayar da ɗan goggona aiki garin Yanbu. Yana haɗa kaya na je taya shi ɗaure akwatuna, ina ta satar kallon teburin, ina jiran ya ce in ɗauka. Wani ɗalibin jami'a ɗan Zariya da ke zama tare da mu ya ba wa bikab ɗin, har da fayafayan. Ni na ɗauko kayan a motata na kai wa ɗalibin har masaukinsa.