Ƙwayoyin da Adiza Ta Raba

Har gobe ba zan manta da safiyar Litinin ɗin da aka shigo mana da Adiza a rirriƙe ba. Lokacin Ghana ba ta daɗe da samun 'yanci ba, ni kuma ina shekarata ta biyu a wani ƙaramin asibitin unguwa tsakanin Nima da Maamobi. Ku yaran yanzu da kuke da injin komai, ku ji abin da muka mallaka: ɗaki uku, gado biyu, da madubin duba fitsari guda ɗaya. Ni ƙaramar nas ce. A samana akwai Sista, 'yar ƙabilar Ga, mai tsafta da faɗa, sai likita da ke zuwa daga babban asibiti ran Litinin da Alhamis. Dukansu ba sa jin Hausa, don haka ni ce bakinsu ni ce kunnensu, abin da ya sa nake ji da kaina fiye da kima.

Adiza shinkafa da wake take sayarwa a bakin tashar mota. Makonni biyu kafin ranar ta zo awon ciki, cikin wata biyar. Ta ja ni gefe ta raɗa mini cewa fitsari yana mata zafi kamar an zuba barkono. Sau biyu tana ɓari a baya, shi ya sa take lallaɓa wannan cikin kamar ƙwai. Muka karɓi fitsarinta a kwalba, likita ya duba ya ga cuta ce a mafitsara. Ya rubuta mata farar ƙwayar salfa, wadda ita ce abin dogaronmu a zamanin: sau huɗu a rana, kwana bakwai, da shan ruwa sosai. Ni na naɗe mata a takarda, na ɗora da dogon gargaɗi ina kaɗa mata yatsa.

Maganin nan yana aiki, kada wani ya ce muku ba haka ba. Kwana biyu kawai zafin yake ɗaukewa. Amma ɗaukewar zafi ba mutuwar cuta ba ce. In aka tsaya a hanya, tana iya haurawa ƙoda, zazzaɓin ƙoda kuwa yana iya zubar da ciki.

To ga Adiza an kawo ta tana karkarwa, jiki kamar wuta, tana dafe da kwiɓi. Likita ya ce in tambaye ta ko ta shanye maganin. Na tambaya da muryar nan tawa ta 'yan sanda. Ta gyaɗa kai. Likita ya ɓata fuska, ya ce ke nan cutar ta fi ƙarfin ƙwayar, kuma bai da tabbas kan cikin. Ya sa aka kwantar da ita aka fara allura. Gabana ya faɗi ƙwarai, domin na san abin da cikin nan yake a wurinta.

Da azahar Sista ta aike ni gidansu in ɗauko mata zane. Gidan haya ne irin namu na Zango, unguwar Hausawa da baƙi, ɗaki goma, tsakar gida ɗaya, makewayi ɗaya. Ina shiga wata tsohuwa, Mma Lami, ta tare ni da fara'a.

“Ei, Anti Nas! Allah ya yi albarka. Maganinkun nan akwai kyau. Huɗu na sha, ya ɗauke mini cak.”

“Wane magani, Mma?”

“Farin nan da Adiza ta ba mu mana. Ni, da Fusena, da matan ɗakin ƙurya su biyu.”

Ban san lokacin da na dawo asibiti ba don haushi. Na tsaya a kan Adiza na sauke mata kwandon faɗa. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, a hankali:

“Kafra, ki gafarce ni, Anti Nas. Bakinki na ji tsoro, shi ya sa na yi ƙarya. Kwana biyu na sha na ji sauƙi. Fusena kuwa tana kuka a makewayi, ina jin ta daga ɗakina. Yaya zan yi? In ɓoye sauran a ƙarƙashin filo?”

“Me ya hana ta zuwa ta karɓi nata?”

“Ta zo ta tsaya a tagar kati, namiji ya ɗaga murya ya ce me ke damunki, gaban mahauta da direbobi? Kafin la'asar duk Nima ta ce ciwon sanyi ta kwaso.”

 A irin gidan nan aka haife ni. Uwata ko goro ɗaya ta samu sai ta fasa shi ta zagaya da shi ɗaki-ɗaki. Na san wannan tun ina rarrafe, amma da na sa farar riga sai na manta. Kunya ta kama ni sosai.

Na je na faɗa wa likita gaskiya. Maimakon faɗa sai ya yi ajiyar zuciya, ya ce tunda maganin bai gaza ba, ba a dai sha shi ba ne, to akwai kyakkyawan fata. Aka ci gaba da allura, aka sake ɗauko ƙwayar daga farko, wannan karon a hannuna. Duk lokacin sha ina tsaye da moɗar ruwa har sai ta haɗiye. Safiyar kwana na uku zazzaɓi ya sauka. Na ɗora ƙahon sauraron ciki a mararta, na kasa kunne. Can na ji shi, ƙit-ƙit-ƙit, da sauri, lafiya lau. Na ce, “Yana nan, Yaya Adiza.” Ta rufe fuska da gyale ta fashe da kuka, ni ma ban iya riƙe nawa ba.

A makon na roƙi Sista alfarma: ran Laraba da yamma mata su riƙa shigowa ta ƙofar baya, su same ni kai tsaye, ni zan rubuta katin. Ta harare ni ta ce na cika kawo aiki, sannan ta miƙo mini makulli. Larabar farko Mma Lami ta jagoranci matan gidan su huɗu, kowacce da kwalbarta a ɓoye cikin zane. Aka duba su, aka ba kowa nata cikakke, kuma duk sun warke. Kafin wata biyu sai da muka aro benci. Adiza kuwa ta kai cikinta, ta haifi 'ya mace a kan gadon da ta yi jinya.

Abin da nake so ku ɗauka ke nan. Ƙwayar tana yin aikinta in an sha ta zuwa ƙarshe, amma mutanenmu ba su iya samun sauƙi su kaɗai ba. Kafin ki naɗe wa mace magani, ki sassauta murya ki tambaye ta, “Wa kuma ke fama da irin wannan a gidanku?” In ba ki tambaya ba, rabin magani kika ba ta, kuma ba taurin kai ne zai kwantar da ita ba, kirkinta ne.