Faifan da Ke Cikin Kwamfuta

Ƙamshin gyaɗa mai zafi ne ke tarar mutum tun daga bakin titi. Matatar mai ce a hanyar Dawanau, inda makaranta ta tura ni koyon aiki, a shekarar da gas ya yi tsada har injin ba ya tashi kullum.

Aikina zama gaban kwamfuta. Ana auna zafin tukunya, danshin gyaɗa, gudun injin matsa da wutar da yake ja. Manhajar kwamfutar sai ta haɗe su duka su zama ɗigo ɗaya, kowane minti sabo, a cikin wani zagaye da nake kira faifai. Ɗigo a ciki, lafiya. Idan ya fita sai ya yi ja. Nakan shagala da kallonsu kamar tsabar gero a hannun Inna.

Da kaka ta kama, ɗigo ya riƙa fita, kuma kullum a aikin safe, lokacin da wani dattijo ɗan Zakirai da kowa ke ce wa Baba yake kan injin. Ana cikin rage ma'aikata. Manaja ya ce in fitar masa da takardar jajayen ɗigo kafin Juma'a. Na san abin da zai yi da ita.

Na sauka wurin injin.

"Baba, faifaina yana kuka da kai."

"Faifan da bai taɓa shiƙa ba?" Ya ɗebo gyaɗa ya miƙo mini. "Ciza, 'yar boko."

Na ciza. Ba ta ce ƙas ba, lanƙwashewa ta yi a haƙorina.

"To kin ji. In na sake mata gudu haka, injin zai toshe. Sai in ƙara wuta, in rage gudu."

Ban tambaye shi dalilin danshin ba. Mu ma a gida a ranar da aka cire gyaɗa aka fara maganar kai ta kasuwa, don rumbu babu hatsi. Wa zai jira ta bushe?

Na koma na danna jajayen ɗigon ɗaya bayan ɗaya. Manhajar tana nuna abin da ya ture kowanne waje. Danshi ne ke fara hawa, sannan hannun Baba ya biyo. A aikin rana kuwa ba a taɓa komai, ɗigo na rarrafe a bakin faifai ta ciki, man yana fita da gurɓi.

Ran Juma'a na kai wa Manaja takardar da kwalabe biyu, man safe da man rana. Ya ɗaga su a taga ya daɗe yana kallo.

"Takarda na ce ki kawo, ba miya ba," in ji shi.

Amma sunan Baba bai fito cikin waɗanda aka sallama ba. Ya ci gaba da aikin safe har aka rufe matatar.

Bayan shekaru na haɗu da injiniyan da ya saka manhajar. Na tambaye shi inda aka samo girman faifan. Ya ce daga aikin safe na shekarun da gyaɗa ke zuwa a bushe aka zana shi, don a lokacin ne mai ya fi kyau. A shekarun nan ma Baba ne ke kan injin.